Gansakuka da Ganyen Daji: Wanda Ake Ci da Wanda Ba A Ci

Ya kai manomi, wannan takarda taka ce, kai da iyalinka. Ka karanta ta a tsanake. In ba ka karatun boko, ka sa yaro ya karanta maka da dare, uwargida tana ji, don aikin ya fi shafarta.

Kowa ya san lokacin da abinci ya fi wuya a ƙasar Daura. Shi ne daga watan Yuli zuwa ƙarshen Agusta: an yi shuka, ana fama da noma, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. A nan ne mutanen Zango, da Baure, da Sandamu, da Mai'adua, da ƙauyukan Daura kan koma ga abin da Allah ya tsirar a daji. Wannan ba sabon abu ba ne. Da shi kakanninmu suka lallaɓa a yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da shi kuma aka rufa asiri a farin 1973 da na 1984.

To, yanzu akan ji matasa suna cewa ai a waɗansu ƙasashe har gansakuka ake ci, me zai hana mu ma mu ci, tun da ga ta nan a tafki kyauta? Maganar gaskiya ce, amma rabinta aka ji. Wannan takarda za ta ba ka sauran rabin.

1. MENE NE GANSAKUKA?

Bahaushe suna ɗaya ya ba ta, amma abu uku ne daban-daban.

Ta farko ita ce ta ruwa. Ita ce koriyar nan da ke rufe tafki da kududdufi da kwamin shayar da dabbobi.

Ta biyu ita ce ta bango. Takan fito da marka a gindin katanga, da bakin rijiya, da ƙarƙashin randa, inda lema ba ta yankewa. Tana da taushi kamar gashin ɗan tsako.

Ta uku ita ce ta bawon itace da dutse. Busasshiya ce, launinta toka-toka ko rawaya-rawaya, tana manne kamar tabon makero. Masana sun gano cewa ita wannan haɗin gwiwa ce tsakanin wani irin fumfuna da gansakukar ruwa, suna zaune tare, kowa na taimakon ɗan'uwansa. Girmanta a hankali yake ƙwarai, a shekara guda ba ta ƙara ko faɗin farce ba. A ƙasarmu kaɗan ce, saboda ƙarancin lema. Ka lura, ba ta cutar itace, zama kawai take yi a kansa. Mai shan jinin itace shi ne kauci, shi za ka sare.

2. INDA AKE CIN TA

A ƙasar Cadi, a yankin Kanem da ke arewa maso gabas da Tafkin Cadi, akwai ƙananan tafkuna masu ruwan kanwa. Wata irin gansakuka tana fitowa a cikinsu, wadda mutanen Kanembu ke kira dihe, masana kuma suke kira sifirulina. Mata ne ke kwasarta da ƙorai, su zuba a ramin da suka shafe a kan yashi mai tsabta. Ruwan ya tsane, rana ta busar da ita, a ɓanɓare a kai kasuwa. Da ita ake miya a ci da tuwon gero. In ta bushe, fiye da rabin nauyinta sinadarin gina jiki ne.

A ƙasar Aisilan da sauran ƙasashen sanyi na arewacin Turai, talakawa sun daɗe suna cin wata irin gansakukar ƙasa mai kama da ta dutse, musamman a shekarun yunwa. Amma ba haka nan suke ci ba. Sai sun jiƙa ta, wani lokaci da ruwan toka, sun zubar da ruwan ɗacin, sannan su dafa da madara ko su haɗa da garin burodi. A Indiya kuwa akwai wadda ake ɓanɓarowa daga itace da dutse a busar, a jefa ɗan kaɗan a miya don ƙamshi, kamar yadda muke yi da kimba ko masoro.

Duk da haka, a can arewacin Turai ɗin akwai wata mai launin rawaya wadda a da mafarauta kan cusa a nama don kashe kerkeci. Ka ga ke nan ko a inda ake ci, ba kowace ake ci ba. Ta bango kuwa, mai taushin nan, kusan babu inda aka ɗauke ta abinci a duniya, don ba ta da abin da za ta ba jiki.

Abin lura a nan shi ne, duk mutanen nan sun riƙe abu uku. Sun san ainihin irin da ake ci. Sun san wurin da ake samunsa. Sun san yadda ake gyara shi kafin a kai baki. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, ya yi kasada da ransa. Ka riƙe su, don da su za mu auna duk abin da zai biyo baya.

3. TAMU BA TA CIYUWA

Dihe a ruwan kanwa mai kauri take rayuwa, inda yawancin sauran tsirrai ba sa iya zama. Tafkunanmu kuwa ruwan sama ne ya taru, ya kwaso kashin dabbobi, da takin zamani daga gonaki, da dauɗar gari. Gansakukar da ke fitowa a irin wannan ruwa daban take, kuma a cikinta akwai mai dafin da ke lalata hanta ko ya kama jijiyoyi. Ido ba ya iya raba mai dafi da marar dafi, sai da madubin likita da gwaji. Tafasa ruwan ma ba ya kashe dafin da ke taɓa hanta.

Ta bawon itace kuma ba ta kai a tara ba, cikin mutum ba ya narkar da ita sosai, tana kuma shan ƙura da hayaƙin mota tana ajiyewa a jikinta.

Saboda haka, ya kai manomi, a ƙasar Daura babu gansakukar da za ka ci ko ka ba iyalinka. Kada ka gwada, kada ka bar yaro ya gwada.

4. KA TSARE DABBOBINKA

Haɗarin gansakukar ruwa ya fi faɗa wa dabbobi. A shekarar 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a ƙasar Botsuwana, gwamnatin ƙasar kuma ta ce dafin gansakukar ruwan da suka sha ne ya kashe su. Abin da ya kayar da giwa, ina ga tunkiya?

Lokacin da ya fi haɗari shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da rana ta yi zafi ruwa ya ja baya. Ga alamomin da za ka duba:

(a) Ruwa ya koma kamar an kwaɓa koren fenti a ciki.
(b) Kumfa ko yana mai kauri ta taru a gefen da iska ke kaɗawa.
(c) Ruwan yana wari, ko ka ga matattun kifi a baki.

Ka sa sanda ka ɗago ta. In ta biyo sandar tana reto kamar jiƙaƙƙen zare, galibi wannan ba mai dafin ba ce. In kuwa sandar ta fito kamar an tsoma ta a fenti, to janye dabbobinka, ka shayar da su a rijiya ko famfo. Kwamin shayarwa kuma a riƙa wanke shi da tsintsiya ana shanya shi. Dabbar da ta sha irin wannan ruwa ta kama rawar jiki, ko zawo, ko numfashi sama-sama, a nemo malamin dabbobi nan da nan.

Abin da ake ci a tafki shi ne bado. Ana dafa ko gasa saiwarsa, ana kuma cin 'ya'yansa. Amma a haƙo shi a ruwa mai kyau, a dafa sosai. Ka tuna kuma yawan shiga ruwan tafki shi ke kawo tsargiya. Yaron da ka ga yana fitsarin jini, ka kai shi asibiti.

5. NAMU ARZIKIN GANYE NE

Abin da dihe take ga mutanen Kanem, shi ganyen daji yake gare mu. Muna da tafasa, da yaɗiya, da gasaya, da lalo, da karkashi, da rukuɓu, da zaƙi-banza. A itatuwa muna da kuka, da ɗinkin na ɗinya, da tohon aduwa. A gida muna da zogale, da rama, da yakuwa. Waɗannan suna ba jiki bitamin A mai tsare ido daga dundumi, da sinadarin ƙara jini wanda mai ciki da mai goyo suke bukata ƙwarai. Ba su maye gurbin hatsi, amma suna sa tiya ɗaya ta yi nisa.

Sai dai a nan ma sharaɗin farko yana nan: ka san irin. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Tsofaffi sun san bambancin, amma yau yara ake aikawa tsinka, su kuwa ba duka suka sani ba. Ka ɗauke su ka kai su gona, ka nuna musu da hannunka.

Tafasa da rai-ɗore. Dukansu furensu rawaya ne, sau da yawa kuma wuri ɗaya suke fitowa, a bakin hanya da makiyaya. Ka ƙirga ganye. Reshen ganyen tafasa yana da ƙananan ganye shida, uku nan uku can, bakinsu a dunƙule, sun fi faɗi ta wajen ƙarshe. Kwafsarta siririya ce doguwa, ta lanƙwasa kamar lauje. Rai-ɗore kuwa, wanda waɗansu ke kira sanga-sanga ko majamfari, ƙananan ganyensa sukan kai takwas ko goma, bakinsu da tsini, in ka murza za ka ji ɗoyi, kwafsarsa kuma shafaffiya ce mai faɗi. Akwai masu amfani da shi wajen magani, amma ba ganyen kwaɗo ba ne. Ɗanyen 'ya'yansa dafi ne. A arewacin Indiya likitoci sun tabbatar da mutuwar yara ƙanana da suka ci su da yawa, dafin ya lalata musu hanta. Ka cire shi daga inda yara ke wasa, kada kuma 'ya'yansa su shiga cikin harawa ko dusa.

Yaɗiya da fataka. Dukansu yaɗo suke yi suna hawa shinge da ƙaya. Ka tsinke ganye ɗaya ka duba. Ruwan yaɗiya garai-garai yake, mai ɗan danƙo, ganyenta ya fi tsawo bisa faɗi, kwafsarta sumul take. Fataka kuwa farin nono take fitarwa kamar na tumfafiya, ganyenta mai siffar zuciya ne da gashi-gashi, kwafsarta tana da ƙayoyi masu taushi. Ita ce majema ke amfani da ita wajen zubar da gashin fata. Abin da ke cire gashi daga fata, ka san bai dace da hanji ba. Duk yaɗon da ba ka sani ba, in ya fitar da farin nono, ka bar shi.

Gasaya. Ganyenta a rabe yake gida biyar kamar yatsun hannu, furenta fari, karanta da ɗan danƙo. Tana da ɗaci, sai an dafa an zubar da ruwan farko.

Zaƙami, watau haukata-yaro. Yana fitowa a juji da kangon gida. Ganyensa faffaɗa ne, furensa dogo kamar bakin algaita, ɗansa dunƙulalle mai ƙaya. Daga saiwa har 'ya'ya dafi ne. Kada a tsinki ganyen miya a kusa da shi, don ganye kaɗan ya isa ya ɓata tukunya.

Naman kaza, watau laimar kwaɗi. Akwai mai ciyuwa, akwai mai kisa, kuma kamarsu ta yi yawa. Dahuwa ba ta kashe dafin mai kisa. In ba tsohon da ya saba ci shekara da shekaru ne ya nuna maka da hannunsa ba, ka ƙyale.

6. ANZA: SAI DA GYARA

Anza ita ce misalin abincin da ke ceton rai in an gyara shi, ya kuma cutar in an yi gaggawa. Ƙaramin itace ne mai kaurin ganye, ba ya zubar da ganye ko da rani, 'ya'yansa kan nuna wajen farkon damina, daidai lokacin da ake bukata. A matsalar abinci ta 2005 da ta auka wa maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, gidaje da yawa da ita suka riƙe kansu.

Ƙwayar anza tana da ɗaci mai tsanani, ɗacin nan kuwa shi ne cutar. Ga yadda ake yi: a shanya, a sussuke bawo, a jiƙa ƙwayar a ruwa mai yawa, ana zubarwa ana sake sabo kowace rana, har kwanaki da dama. Waɗansu kan taimaka da ruwan toka. A ɗanɗana ƙwaya ɗaya a bakin harshe. Muddin da sauran ɗaci, a ci gaba da jiƙo. Sai ɗaci ya fita sarai sannan a dafa kamar wake. Ruwan jiƙon a zubar inda awaki da kaji ba za su sha ba. Ka ga dabarar mutanen Aisilan da ta iyayenmu mata ɗaya ce, ko da yake ba su taɓa haɗuwa ba.

7. KA SAN WURI

Ganye mai kyau ma yana iya zama cuta in an tsinko shi a mugun wuri. A da fartanya kaɗai ke kashe ciyawa, yanzu kuwa gonaki da yawa feshi ake yi. Ganyen da aka fesa wa maganin ciyawa yakan yi kwanaki da korensa kafin ya yi yaushi, mai tsinka ba zai gane ba.

(a) Kada a tsinka a gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa ko na ƙwari, ko a kan iyakarta. In ba a sani ba, a tambayi mai gona. Matambayi ba ya ɓata.
(b) In kai ne ka yi feshi, ka faɗa wa iyalinka da maƙwabta, ka kuma kafa alama a bakin gona.
(c) A guji bakin babban titi, da juji, da bayan gari inda ake zagayawa, da magudanar ruwan kwata.
(d) A tsinki toho da ƙananan ganye na sama, a bar tushe ya sake fitowa.

8. DAFAWA DA AJIYA

A wanke ganye sau biyu ko uku da ruwan rijiya ko na famfo. Masu ɗaci, irin su tafasa da gasaya da yaɗiya, a dafa a zubar da ruwan, a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono da albasa, ko a sa a dambu. A zuba ɗan man gyaɗa ko manja ko da cokali ɗaya ne, don sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukar bitamin A. Uwargida ta rage hannu wajen kanwa, yawanta yana kashe waɗansu bitamin, haka ma daɗewa a kan wuta.

Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Ganyen da za ka ci da rani da farkon damina mai zuwa, yanzu za ka tanade shi:

(a) A tara wajen ƙarshen damina, a Satumba da farkon Oktoba, sa'ad da lema ta fara raguwa.
(b) A zaɓe, a fitar da baƙin ganye da wanda tsutsa ta ci.
(c) A baza a kan tabarma a inuwa mai iska, ba a tsakiyar rana ba. Rana tana ƙone launi da bitamin. A ɗaga tabarmar daga ƙasa saboda ƙura da kaji.
(d) In ya bushe har yana karyewa a hannu, a zuba a busasshiyar tukunya mai murfi ko buhu mai tsabta, kowane iri daban. Kada a sa a buhun taki ko mazubin maganin feshi.
(e) A riƙa dubawa wata-wata. Wanda ya yi fumfuna a zubar.

Wajen sassabe kuma ka tausaya wa itatuwan abinci. In ka tarar da tsiron kuka, ko aduwa, ko ɗinya, ko anza a gonarka, ka bar shi, ka gyara masa rassa ya tashi. Manoman Maraɗi sun kama wannan dabara tun shekarun 1980, suna kiranta sassaben zamani, gonakinsu da suka zama fili sun sake yin itatuwa. Ka dasa zogale a shingen gida ko na garka, don miya ta zo kusa da murhu.

9. IN AN CI ABIN DA BA A SANI BA

In mutum ya ci wani tsiro ya kama amai, ko zawo, ko bushewar baki, ko sambatu, ko barcin da bai saba ba, kada a tsaya jiran gobe. A kai shi asibiti mafi kusa, a tafi da ragowar abin da ya ci ko reshen tsiron, don ma'aikatan lafiya su gani. Kada a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe manja ko nono, kada kuma a sa masa yatsa a maƙogwaro, zai iya shaƙewa. Sauran waɗanda suka ci daga tukunyar, su ma a kai su ko da ba su ji komai ba tukuna.

ABIN TUNAWA

1. Gansakukar ƙasarmu, ta ruwa ko ta bango ko ta itace, ba abinci ba ce.
2. Ruwan da ya koma kamar koren fenti, kada mutum ko dabba su sha.
3. Kafin ka ci abin daji, ka san irin, ka san wurin, ka san gyaran.
4. Ƙirga ganyen tafasa, duba ruwan yaɗiya, ɗanɗana ɗacin anza.
5. Ka busar a inuwa, ka ajiye a busasshen wuri.
6. Ka koya wa yaranka tun tsofaffin da suka sani suna raye.

Don ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinku ko ofishin gona na ƙaramar hukumarku. In za ka je, ka tafi da reshen tsiron da kake shakka, da ganyensa da furensa ko kwafsarsa. Allah ya ba mu damina mai albarka.